Haɗi na Bakwai

Yaya ce ta samo mini aikin. Kafin nan shekara uku na yi a kamfanin tayil, ina gaban tanderu daga safe har yamma, har gashin hannuna ya daina fitowa. Da aka rage ma'aikata na zauna gida wata biyar. Mama ta gaji da share ƙarƙashin ƙafata. Sai Yaya ta ce a ɗakin gwajin da take karatun digirinta na uku ana neman wanda ya san wuta. Ba a tambaye ni takarda ba banda ta sakandare.

Ɗakin yana ƙasan bene, can ƙarshen baranda. Taga ɗaya ce, ita ma ba ta buɗuwa. Tanderun nasu bai yi kama da wanda na sani ba. Akwatin ƙarfe ne kamar firij a kwance, an zura masa farin bututu ta tsakiya, baki ɗaya ya leƙo ta dama, ɗaya ta hagu. A kamfani zafin dubu da ɗari biyu muke kaiwa mu ce mun yi wuta. Wannan dubu da ɗari biyar yake tsayawa, ba hayaƙi, ba ƙara.

Abin da ake gasawa ƙananan tubala ne masu launin toka, girman farcen babban yatsa, amma da nauyi a hannu. Yaya ke haɗa su da gari uku. Biyu ba sa canzawa, zirkoniyam borid da silikon kabaid. Na ukun shi take sauyawa, kowane haɗi da lambarsa. A wani gari ake matse su da inji su zama fai-fai, a dawo da su a yayyanka. Ta ce irinsu ake so a sa a hancin abin da ke gudu a sama har iska ta ƙona shi. Ban damu da wannan ba. Ni dai a ba ni abin yi.

Ranar farko ta nuna mini aikin a minti goma. In auna kowane tubali a sikeli mai gidan gilashi. In jera su a farin faranti, in tura da sanda har tsakiyar bututu. In kunna, in jira ya kai dubu da ɗari biyar, ya yi awa biyar a nan, in kashe. Washegari in fito da su in sake aunawa. Suna fitowa da wata fata mai sheƙi kamar an narka musu sukari, kuma sun ƙara nauyi. Wanda ya fi ƙara nauyi shi ne rago. Iyakar abin da ta gaya mini ke nan. Tana sauri, za ta aji.

A ɗakin da ke kusa akwai dattijon da ke yanka tubalan. Mai Zarto kowa ke ce masa, wani lokaci mu ce Baba. Zarton nasa mai bakin lu'ulu'u ne, yana yi yana fesa ruwa, saboda haka gaban rigarsa kullum a jiƙe. Ba ya yar da komai. Duk gefen faifan da ya rage sai ya jefa a gwangwanin madara ya rubuta lamba a murfi. Gwangwanayen sun cika kanta biyu. Ni Sarkin Wuta yake kirana. Yaya kuwa Dakta-saura-kaɗan, shekara huɗu yana kiranta haka, tana cewa bakinsa ne ya hana ta gamawa.

Mako na biyu da fara aikina, ranar Talata, 'yar Yaya ta tashi da zazzaɓi. Ta wuce da ita asibiti. Ta bar mini tubala shida na haɗi na bakwai da guntuwar takarda: yadda aka saba.

Tanderun ya hau lafiya har dubu da ɗari huɗu da sittin, ya tsaya. Na ba shi minti arba'in, ko motsi. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin sandunan da ke ba shi zafi ne ya gaji, amma ran nan ban sani ba. Abin da na sani shi ne na kamfani. A can shugaban aikinmu zagayawa yake yi da bayan hannunsa a jikin tanderu, duk inda ya ji zafi na fita sai ya kira sunanka a gaban mutane. Kafa ko ta yatsa ce, toshe ta ake yi. Shekara uku ana zagina a kan wannan har ya shiga jinina.

Na kai bayan hannuna kusa da bakin bututun. Zafi ne ke kwarara, dama da hagu. Na ce a raina masu ilimi ma akwai abin da ba su iya ba. A kabad na sami audugar da wuta ba ta ci, da murafan ƙarfe biyu masu kusoshi, daidai bakin. Na cusa audugar, na ɗaure murafan tam. Cikin minti goma sha biyar ya kai dubu da ɗari biyar. Na zauna ina kallon lambar. Tun da na bar kamfani ban ji daɗin kaina kamar ran nan ba.

Da safe na kwance murafan na mayar da su inda na gan su. Littafin tanderu layi uku gare shi: rana, zafi, awa. Na cike su duka, kuma babu ƙarya ko ɗaya.

Sauran haɗe-haɗen miligiram goma sha takwas zuwa ashirin da uku suke ƙarawa. Na bakwai huɗu ya ƙara. Duka shidan, huɗu da 'yan kai. Yaya ta sa ni na ja baya wai numfashina na kaɗa sikeli. Ta auna sau uku. Sai ta zauna a ƙasa, a kan siminti, da farar rigarta. Ta kira Farfesa, mai duba aikinta, a waya tana zaune a wurin.

Mako na gaba aka canza sandar. Tanderun bai sake gardama ba, ni ma ban sake taɓa murafan ba. Na manta da su.

Wata bakwai suka wuce. Haɗi na bakwai ya zama shi ne kundin digirinta gaba ɗaya. Ba a sake yin wani ba, don garin na uku ya ƙare, injin matsewar kuma ya lalace a can garin. Farfesa ya ce tubala shida da suka faɗi magana ɗaya sun isa shaida. Shi da kansa ya sa huɗun nan a kan bangon kundin. Aka tsayar da ranar da Yaya za ta tsaya gaban malamai ta kare aikinta. Mijinta ya shekara a wani gari inda aka mayar da shi aiki, ya kama gida, ya samo wa yarinya makaranta, ranar kawai suke jira. Mama ta gaya wa duk ƙannenta su zo. Ta yi wa ranar da'ira a kalanda da jan biro, har takardar ta huje.

Saura kwana goma sha biyu, ranar Asabar bayan an ci abincin rana, Yaya ta ce za ta gwada bayaninta a kanmu. Ta ce in Mama ta gane, kowa zai gane. Mama ta ce zagi ne wannan, amma ta gyara zama. Yarinyar tana ƙasa da fensiran launi. Ni ina jingine da ƙofa.

Ta yi minti biyar Mama ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Tsaya. Wutar ce ke cin su?"

"Ba wuta ba ce, Mama, iska ce. Wuta ƙarfi kawai take ba ta. Kamar tsatsar da ke cin ƙofar gidan nan, sai dai abin da tsatsa za ta yi a shekara ashirin, a can awa ɗaya ya isa."

Ta ce iskar in ta ci saman tubalin sai ta manne a jikinsa, nauyin da yake ƙarawa ke nan. Abin da ta ci kuma shi ke narkewa ya zama fatar gilashin nan, fatar ta rufe hanya, iskar ta kasa shiga ciki. Haɗi mai kyau shi ne wanda ya yi fata da wuri ya tsayar da ɓarna.

"Shi ya sa muke barin bakin bututun a buɗe dama da hagu," in ji ta. "Iska ta shiga ta yi iyakar ƙoƙarinta. In babu iska babu gwaji."

Mama ta juyo. "Auta, ka ji? Muna cewa wuta kake gadi, ashe iska kake gadi."

Suka yi dariya. Ni ma na yi. Na saurari sauran har ƙarshe, na tafa da aka tafa. Daga nan na sa takalmi na fita. Na bi titinmu har inda kwalta ta ƙare, na juyo, na sake komawa. Mai gyaran taya ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne.

Lahadi ban yi komai ba. Na kwanta ina kallon silin. Babu wanda ya ga murafan. Littafi bai san da su ba. In na yi shiru, nan da kwana goma sha ɗaya Yaya ta zama Dakta, ta kwashe kayanta ta tafi gidanta. Na kuma gaya wa kaina wataƙila haɗin mai kyau ne da gaske, murafan ba su canza komai ba. Wannan tunanin na riƙe har yamma. Bai riƙe ni ba.

Litinin na shiga wurin Mai Zarto. Yana goge bakin zarto da tsohon buroshin haƙori. Na tambaye shi ko akwai sauran na bakwai a gwangwani.

Bai ɗago ba. Ya ce tun da ya fara aiki a ginin babu wanda ya taɓa tambayarsa gwangwani sai mai matsala. Ya kashe famfo, ya share hannu a riga, ya ce in faɗa.

Na faɗa. Bai ɗauki lokaci ba, maganar gajeriya ce.

Ya daɗe yana kallon kantar. Sannan ya ce lokacin da ya tsaga ɗaya daga cikin shidan don a duba cikinsa, ya ga fatar siririya, kamar tubalin leƙa wutar kawai ya yi ya dawo. Ya so ya yi magana, amma ya ga Farfesa yana murna, shi kuma yanka aka ɗauke shi yi.

"Kai ka rufe baki biyu, ni na rufe ɗaya," in ji shi. "Sarkin Wuta, ka fi ni da ɗaya kawai."

Ban yi dariya ba. Ya hau kujera ya sauko da gwangwanin. Gefe uku ne a ciki, masu lanƙwasa. Ɗaya ne kawai zai ba da tubali cikakke. Ya ɗaure shi a zarto, ya yanka a hankali, bai taɓa yin yanka a gabana da jinkiri haka ba. Ya goge shi har ya yi daidai da sauran. Da ya miƙo mini ya ce in na ga dama in jefa shi a kwata, shi bai ga komai ba, kuma ba zai raina ni ba. Ya ce yana da 'yar'uwa shi ma.

Laraba Yaya ta tafi wurin masu ɗinka kundi, za ta yini a can. Na auna tubalin sau uku na rubuta a bayan hannuna. Na tura shi tsakiya. Baki biyu a buɗe. Awa biyar na zauna a kan kujerar roba ina jin zafin yana wucewa ta gefen fuskata. Ban kai hannu ba.

Alhamis na riga mai shara zuwa. Tubalin ya fito da fata mai kauri, tana sheƙi, ta ɗan malala ta gefe ɗaya. Tun kafin in ɗora shi na sani. Ashirin da ɗaya. Ba shi ne rago ba, ba shi ne gwani ba. Haɗi na uku ma ya fi shi.

Yaya ta shigo ƙarfe takwas da rabi da kundi biyar a rungume, baƙin bango, rubutun ruwan zinariya. Ta ajiye su a kan tebur ta ce in taɓa in ji nauyi. Na taɓa. Na ce ta zo wurin sikeli.

Ta ga tubalin a ciki. Ta tambayi na wane haɗi ne. Na ce na bakwai, daga gwangwanin Baba. Ta karanta lambar. Ta nemi nauyin farko, na nuna mata bayan hannuna, biro ya ɗan goge amma ana gani. Ta yi lissafin a kai. Ta ce sikelin ne, ta fitar da tubalin, ta mayar da shi sifiri, ta sake. Ta ce in ja baya. Na ja.

Sai na gaya mata daga inda nake tsaye. Talatar da yarinya ta yi zazzaɓi, dubu da ɗari huɗu da sittin, audugar, murafan. Na buɗe kabad na nuna mata su. Suna nan inda na mayar, ɗaya a kan ɗaya.

Ba ta zauna a ƙasa ba wannan karon. Ta ɗauki murfi ɗaya tana juya shi. Ta ce waɗannan na wani aiki ne daban, wanda ake korar iska a cikinsa da gangan.

"Me ya sa ba ka rubuta ba?"

"Babu layinsa a littafin."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Na ɗauka gyara na yi."

"Wa ya sani?"

"Ni da Baba."

"Tun yaushe?"

"Asabar. Da kika yi wa Mama bayani."

Ta ajiye murfin a kan kundin na sama. Ya bar zoben baƙin mai a kan bangon, ba ta lura ba, ko ta lura.

"Kwana bakwai ya rage, Auta. Da ka bari na wuce."

Na ce na yi tunanin haka. Ta ce ta san na yi, ai tare muka tashi. Ta ce tun ina ƙarami haka nake, in fasa kofi in ɓoye kwana uku sannan in kawo gutsattsarin a hannu ranar da ake da baƙi. Ba da wasa ta faɗa ba, ba kuma da faɗa ba.

Ta tsaya a gaban tagar da ba ta buɗuwa. Ta daɗe. A ɗakin kusa zarto ya yi shiru, abin da ba ya yi da safe. Na ji mai shara yana jan bokiti a baranda har ya wuce. Wayarta ta yi ƙara a jaka, na san mijinta ne don lokacinsa ke nan, ba ta ɗauka ba.

Daga nan ta naɗe tubalin a takarda, ta ɗauki murfin, ta hau bene. Kundin biyar ɗin ta bar su.

Awa ɗaya da kwata ta yi a ofishin Farfesa. Abin da ya faru a can a bakin Mai Zarto na ji, shi kuma a bakin sakatariya. Wai Farfesa ya cire tabarau ya ajiye, ya ce da ba ta hawo ba babu mai sani har abada. Sannan ya ce wannan ba shawara ba ce, faɗa kawai ya yi. Ya tambayi wanda ya rufe bututun. Ta ce an rufe ne ranar da ba ta nan, kuma ita ce ba ta taɓa gaya wa mai tanderu dalilin barinsa a buɗe ba. Ya nemi a kore ni. Ta ce to sai a nemo wani wanda zai kawo mata ashirin da ɗaya alhali huɗu na kan bango. Ban san ko haka ta faɗa daidai ba. Baba yana ƙara gishiri.

An soke ranar. Ba a sa wata ba. Farfesa ya ce sai an gyara injin can, an yi sabon haɗi, an sake rubuta babi uku. Wata shida in an yi sa'a.

A gida Yaya da kanta ta gaya wa Mama. Ba ta ambace ni ba, ta ce sakamako ne bai tsaya ba. Mama ta dube ta, ta dube ni, ta tashi ta ɗauki waya ta fara kiran ƙannenta ɗaya bayan ɗaya. Kalandar ba ta cire ba. Da wata ya ƙare ta yage shafin kamar kowane shafi. Mijin Yaya ya zo ƙarshen mako, sun yi magana a mota da gilashi a rufe, ya koma Lahadi shi kaɗai. Da zai tafi ya ba ni hannu, bai riƙe ba.

Kwana goma sha ɗaya Yaya ba ta ce mini komai ba sai lambobi. Mai Zarto ya daina ce mata Dakta-saura-kaɗan. Ranar da ya ce mata Malama ta tsaya a ƙofarsa ta ce ya mayar mata da sunanta, ba ta mutu ba.

Ranar sha biyu ta shigo da rula da jan biro. Ta buɗe littafin tanderu, ta ja layi na huɗu daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi, har ƙarshen littafin. A saman kowanne ta rubuta: bakin bututu. Ta koma baya ta nemo Talatar nan, ta miƙo mini biron. Na rubuta: a rufe. Na sa hannu.

Ta ce tunda ba ta san me kuma ba ta gaya mini ba, za mu sake duka daga na ɗaya, da abin da ke gwangwanayen Baba, kuma wannan karon zan zauna ta yi mini bayani kamar yadda ta yi wa Mama. Ta jawo kujerar roba ta biyu. Ta fara daga garin farko.

Kundin biyar suna nan a saman kabad. Na sama har yanzu da zoben mai. Baba ya nemi a ba shi su, ya ce ba ya son a yar.